Yadda ake haɗa na'urar naɗar bayanan tashi da risibar ƙaramin jirgin rimot

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin jirgin sama na rimot, irin na kumfa, faɗin fiffikensa mita ɗaya da 'yan kai. Batirinsa LiPo ne mai sel uku, risibarsa da ke karɓar umarnin rimot mai tasha shida ce, sai sarbo huɗu, wato ƙananan injinan da ke motsa filafilan tuƙi. Na sayi loga mai naɗar ƙarfin batir da wutar da inji ke sha da tsayin da jirgi ya kai, tana adanawa a katin mimori. Tana da waya mai fulogi irin na sarbo, amma ban san ramin da zan soka ta a risiba ba. Wani abokina ya ce in cire jar wayar, wani kuma ya ce idan na cire ba za ta kama ba. Ina tsoron in ƙona risibar ko jirgin ya faɗo. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Abokan nan naka biyu babu wanda ya faɗi ƙarya a cikinsu, sai dai kowanne wata loga dabam ce a ransa lokacin da yake ba ka shawara. Akwai wadda idan ka cire mata jar waya ko ƙyaftawa ba za ta yi ba, akwai kuma wadda idan ka bar mata ita za ta shiga kokawa da wutar risiba. Idan na fahimce ka da kyau, abu uku kake tambaya a dunƙule: daga ina logar za ta sha wuta, me take so ta ji daga bakin risiba, kuma ta wace hanya wutar za ta koma batir. Ramin da za a soka fulogin shi ne mafi sauƙi a ciki, ko da yake shi kaɗai yawancin mutane ke tambaya.

Ga ma'aunin da nake gwada kowane haɗi da shi. Loga baƙuwa ce a cikin jirgi. Ba ita ke tayar da shi ba, ba ita ke saukar da shi ba, aikinta ta zauna ta saurara ta rubuta. Haɗin da na yarda da shi shi ne wanda ko logar ta mutu a sama, ko ta daskare, ko wayarta ta tsinke, risiba ba za ta ji a jikinta ba. Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa daga nan ya fito.

Maganar jar waya

Ɗauki fulogin sarbo ka duba. Waya uku ce: baƙa ko ruwan ƙasa ita ce nagetif, ja a tsakiya ita ce fozitif, sai fara ko rawaya ko ruwan lemo mai ɗauke da sigina. An sa jar a tsakiya da gangan, don ko mutum ya soka fulogin a juye, fozitif na nan a gurbinta, galibi abin ya ƙi aiki ne kawai bai ƙone ba. A cikin risiba kuwa, duk alluran tsakiya layi ɗaya ne a haɗe, haka ma na nagetif. Sigina ce kaɗai ta bambanta daga tasha zuwa tasha. Ma'ana kowane rami zai ba logarka wuta, kuma duk wutar da logar ta turo ta kowane rami za ta isa risiba da sarbo huɗun nan gaba ɗaya.

Risiba ba ta da wutar kanta. A jirgi irin naka, na'urar sarrafa gudun inji, wato ESC, tana ɗauke da wani ƙaramin sashe da ake kira BEC, wanda ke rage ƙarfin batir zuwa bolt 5 ko kusa da haka, ya turo ta jar wayar tashar totur. Da wannan ɗan layin risiba da sarbo ke rayuwa. Idan wata na'ura ta zo da nata mai rage wutar ta zuba a layi ɗaya, an samu sarki biyu a gari ɗaya. Bolt ɗinsu ba zai taɓa zama daidai cif ba, wanda ya ɗan fi ƙarfi zai ɗauki nauyin duka ko ya riƙa tura wuta cikin ɗan'uwansa, sai zafi, sai hayaniya a layi, wani lokacin sai ɗaya ya mutu.

Ba sai ka yi canki-canki ba, mitar auna bolt za ta raba gardamar cikin minti biyu. Kada ka haɗa logar da risiba tukuna. Haɗa ta da babban batir kaɗai ta wajen sensarta ta auna wuta, sannan ka ɗora mita tsakanin jar waya da baƙa a fulogin sarbo nata. Idan fitilarta ba ta kama ba, daga risiba take jiran wuta, ka bar mata jar wayarta. Idan ta kama kuma mita ta nuna sifili, tana ciyar da kanta daga batir ba ta turo komai waje, jar wayar ba ta da illa, wataƙila ma da ita take auna bolt ɗin risiba, wanda abu ne mai amfani ƙwarai. Idan kuwa ta kama kuma mita ta nuna bolt 5, abokinka na farko ya yi gaskiya, a zare jar. Ka lura na ce a zare, ban ce a yanke ba. A jikin fulogin akwai ɗan harshen roba da ke riƙe kowane ƙarfe. Sa bakin allura ka ɗaga shi kaɗan, ka jawo wayar a hankali, ka lanƙwasa ta baya, ka rufe bakinta da robar da ke tsukewa da zafi. Gobe idan ka mayar da logar wani jirgi, sai ka mayar da wayar gurbinta.

Tun mitar na hannunka, auna bolt ɗin risibar ma. Akwai jiragen da ake ba risibarsu bolt 6, akwai masu shan sel biyu kai tsaye, wanda ke kaiwa bolt 8.4 idan batir ya cika. Logar da aka ƙera don bolt 5 ba za ta jure wannan ba. Duba abin da aka rubuta a takardarta ka gwada da abin da mita ta nuna.

Yanzu a ɗauka logarka daga risiba take shan wuta. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko BEC ɗinka na da sauran ƙarfi. Loga kanta ba ta da ci, 'yan miliamfiya gommai ne, sai dai katin mimori kan fizgi wuta lokacin rubutu, har kusan miliamfiya 100 na ɗan ƙiftawa, idan kuma ka ƙara GPS sai nauyin ya ƙaru. Wannan duka ba komai ba ne ga BEC mai lafiya. Matsalar ita ce ESC da yawa na ƙananan jirage suna zuwa da BEC irin mai ƙona rarar wuta ta zama zafi. Yi lissafin da kanka: batirinka a cike bolt 12.6 ne, ana son 5, saura 7.6. Idan sarbo suka ja amfiya ɗaya, wat 7.6 ke nan na zafi a kan ɗan guntun abin da bai kai farce ba, a cikin kumfar da ba ta barin zafi ya fita. Ƙaramin sarbo mai giram 9 kuwa, idan ya cije, yana iya jan fiye da rabin amfiya shi kaɗai, ga su huɗu. BEC da ke bakin gaɓa ɗan ƙari kaɗan ke tura shi. Idan layin ya faɗi zuwa wajen bolt 3.5, risiba da yawa sukan mutu su sake kamawa, kuma a wannan ɗan tsakanin jirgin ba shi da matuƙi.

Abin da nake yi a nawa jiragen, muddin sel uku ne da sarbo huɗu, shi ne in sa BEC na dabam irin mai yanka wuta da sauri ba mai ƙonawa ba, na amfiya 3, in zare jar wayar ESC, in bar wannan sabon shi kaɗai ya ciyar da risiba. Wasu na soka kafasita, wato ɗan abin da ke tara wuta ya sake ta, mai maikurofarad 1,000 ko sama a ramin da ba kowa. Tana taimakawa wajen cike gurbin fizgar ɗan lokaci, amma ba ta warkar da BEC mai rauni, kada ka dogara da ita a kan haka.

Wane rami

Idan wuta kawai logar ke so, tasha ta biyar ko ta shida da ba kowa ta wadatar. Rami ɗaya nake so ka yi hattara da shi, wato ramin ɗaura risiba da rimot, inda ake sa risibar ta gane rimot ɗin da za ta riƙa saurara. A risiba da dama, ana shiga yanayin ɗaurawa ne ta hanyar haɗa allurar sigina da nagetif lokacin kunnawa. Logar da ke jan wayar siginarta ƙasa a farkon kamawa tana iya sa risibar ta zaci ɗaurawa ake so, ka tsaya kana motsa sanduna babu amsa. Idan dole sai wannan ramin, zare wayar sigina ka bar ja da baƙa.

Idan kuma logar na son ta rubuta matsayin totur, wanda shi ke ba sauran lambobin ma'ana, tashar totur za ka taɓa. Lambarta ta danganta da rimot ɗinka: a tsarin Futaba da FlySky tasha ta uku ce, a na Spektrum da JR ta ɗaya. Abin da ke gudana a wayar bugu ne na wuta, kusan sau 50 a sakan ɗaya, tsawon kowane bugu daga milisakan 1 idan totur na ƙasa zuwa milisakan 2 idan ya cika. Logar tsawon bugun kawai take aunawa. Hanya biyu ce. Wasu logogin suna da ƙofar shiga da ta fita, siginar ta ratsa ta cikinsu kafin ta kai ESC. Wasu kuma ana haɗa su da waya mai reshe biyu, ESC a reshe ɗaya, loga a ɗayan. Ni ta biyun na fi so, domin siginar ba ta bi ta hannun baƙuwa ba. Ina kuma sa resista, wato ɗan abin da ke taƙaita wutar da ke wucewa, mai om 1,000 a wayar siginar reshen loga, ta yadda ko logar ta lalace ta haɗe siginar da nagetif, ESC zai ci gaba da jin risiba. Tashar sarbon jela mai ɗagawa da saukarwa kuwa ba na bari loga ta taɓa ta sai na yi tashi da yawa da ita na amince.

Sababbin risiba suna da wani rami da ke fitar da duk tashoshi ta waya ɗaya. SBUS na Futaba na ɗaukar tasha 16 a gudun bit 100,000 a sakan, kuma siginarsa a kife take. Na FlySky, iBUS, yana gudu a 115,200. Akwai kuma ramukan da ke mayar da bayani ƙasa zuwa allon rimot, irin S.Port na FrSky. Fuloginsu kan yi kama da na sarbo, amma yarensu dabam-dabam ne, sai logar da takardarta ta ambaci sunan wannan tsarin za ta fahimta. Daga yadda ka siffanta taka, bugun sarbo na gargajiya take nema.

Baƙar waya, wadda ba a tambaya

Kowa jar waya yake tsoro, ni kuwa baƙar ce ta taɓa ƙona mini kaya. Sensar auna wuta tana zama tsakanin batir da ESC, duk wutar inji ta cikinta take bi. Ka kula da alamar gefen batir da gefen ESC a jikinta, wayarta da fuloginta su kai kaurin na batir, kuma kada ka tsawaita wannan layin fiye da buƙata, domin doguwar waya tsakanin batir da ESC tana haifar da tsallen bolt da ke gajiyar da kafasitocin ESC. To da zarar ka haɗa sensar can, ka kuma soka fulogin sarbo nan, nagetif ya samu hanya biyu ta komawa batir: mai kauri ta ESC, da siririya ta cikin loga da risiba. Muddin mai kaurin na da lafiya, kusan duk wutar ita take bi. Ranar da dalmarta ta saki ko fuloginta ya yi sako-sako, wutar inji za ta nemi siririyar.

Ni yadda abin ya same ni, logata tana auna kowane sel ta ƙaramin farin fulogin batir, wanda caja ke daidaita sel da shi. Ranar nan sai na fara soka wannan ƙaramin kafin babban. Da na zo haɗa babban, ƙarfen fozitif ya riga na nagetif taɓawa da ɗan ƙiftawa, kafasitocin ESC suka zuƙi wutarsu ta hanyar da ta rage, wato siririyar baƙar wayar. Na ji ɗan ƙas, sai ƙaurin roba. Da na buɗe murfin, robar baƙar wayar ta narke ta manne da ta kusa da ita, layin tagulla a allon logar kuma ya tashi kamar zaren da aka babbake. Allah ya taimake ni a kan tebur ne ba a sama ba. Tun daga ranar, babban fulogi nake fara haɗawa, ƙarami daga baya, wajen cirewa kuma ƙaramin ke fara fita.

Kada wannan labarin ya sa ka zare baƙar wayar fulogin sarbo. Sigina ba ta da ma'ana sai da nagetif da za a auna ta a kansa, idan ka raba su za ka ga layin totur na rawa duk sanda inji ya ja wuta. Maganin shi ne babban layin nagetif ya zama mai kauri, dalmarsa mai sheƙi, fuloginsa mai kamu. Ja shi da hannu ka ji.

Inda za ta zauna

Eriyar risiba mai gigahaz 2.4, bakin nan tsirara mai tsawon wajen milimita 31 shi ne ke aikin. Idan biyu ne, a kafa su ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, nesa da loga da batir da manyan wayoyi da duk abin da ke da kabon ko ƙarfe. Wayar logar ka murɗa ta kamar igiya, kada ta kwanta jikin wayoyi ukun da ke zuwa inji. Idan ta yi tsawo, zagaya ta sau huɗu ko biyar a zoben ferayit, mai tace hayaniyar wuta, kusa da risiba.

Sensar tsayi ita ce mai shagwaɓa. Nauyin iska take aunawa, kuma kusa da matakin teku hawan mita 8 kacal ke rage hektofaskal ɗaya, wato ma'aunin matsin iska. Iskar farfela da ke kutsowa ta ramin sanyaya batir tana iya canza matsin cikin jirgi fiye da haka, sai ka ga a rubuce jirgi ya hau ko ya sauka duk lokacin da ka taɓa totur alhali yana tafiya a miƙe. Hasken rana ma yana rikita irin waɗannan sensoshin idan ya faɗa cikin ɗan raminsu. Ɗan guntun soso baƙi mai shan iska a kan ramin yana magance duka biyun, amma kada gam ko tef ya toshe shi. Manna logar da tef mai soso don rage girgiza, ka ɗora ɗan tef a bakin katin mimori kada saukar gaggawa ta tofar da shi. Bayan haka ka sake ɗora jirgin a kan yatsu biyu a inda takardarsa ta nuna, galibi tsakanin kwata da sulusin tazarar da ke tsakanin bakin fiffike na gaba da na baya, a auna daga gaba. Giram 20 a can baya yana iya mayar da jirgi mai ladabi ya zama mai taurin kai.

Gwaji kafin tashi

Cire farfela, wannan ba na sassauta shi ga kowa. Kunna rimot, haɗa batir, ka juya sanduna biyu lungu-lungu da sauri na rabin minti, mita na kan wani ramin risiba. Sai ka ɗan danne filafilin jela da yatsa don sarbo ya ji nauyi irin na iska. Bolt ɗin na iya ɗan motsi, amma idan ya gangara ƙasa da 4.5, ko fitilar risiba ta ƙyafta, tsaya nan ka gyara wutar tukuna. Taɓa ESC ka ji zafinsa. Sannan ka ɗaga totur kaɗan ka kashe rimot: dole inji ya tsaya. Na sha ganin wanda ya ƙara waya mai reshe ya manta bai sake gwada wannan ba.

A fili kuma ka yi gwajin nisa. Yawancin rimot suna da yanayin rage ƙarfi don wannan, ana takawa kimanin mita 30. Yi shi sau biyu, loga a cire da loga a haɗe tana rubutu, sannan ka maimaita da inji na juyawa wani ya riƙe maka jirgin ta baya. Idan nisan ya ragu ƙarara bayan an haɗa logar, matsar da ita ko eriyar.

Wannan bayanin na jirgin lantarki ne irin naka. Jirgin fetur mai tartsatsin fulogi yana da tasa hayaniyar da nasa batirin risiba, hukuncinsa ya bambanta. Kuma inda takardar logarka ta faɗi wani abu takamaimai game da alluranta, maganarta ce gaba da tawa, domin wanda ya ƙera ta ya san abin da ya haɗa a ciki.

Tashin farko ka yi shi gajere, minti uku ya isa. Idan ka sauka, tsayar da rubutun ko ka jira 'yan sakanni kafin ka cire batir, domin katin da aka yanke wa wuta yana tsakiyar rubutu yakan rasa ƙarshen fayil, wani lokacin fayil ɗin duka. Sai ka caja batirin ka gwada adadin da cajar ta mayar da wanda logar ta ce an sha. Idan sun saɓa da yawa, gyara ma'aunin sensar har su kusanci juna, daga nan ne lambobinta za su zama abin dogaro. Idan batirinka mai miliamfiya-awa 2,200 ne, ka saita lokacin tashinka ta yadda ba za ka wuce 1,760 ba, wato kashi 80 cikin ɗari. Idan logar na rubuta bolt ɗin risiba, wannan layin za ka fara buɗewa kafin na tsayi: nemi wurin da ka yi juyi mafi tsanani, ka ga ko ya lotsa a daidai nan, da kuma zuwa nawa.